Masu zuwa hutun karaban a Skegness, ku kama Litinin zuwa Juma'a

Jama'a, in za ku kai iyali hutu bakin teku a Skegness ko Great Yarmouth a Ingila, kar ku kama karaban (ɗan gidan haya mai kama da tirela da ake girkewa a wuraren hutu) na ƙarshen mako. Ku nemi Litinin zuwa Juma'a.

Masu wuraren nan kashi biyu suke raba mako: kwana 3 daga Juma'a, kwana 4 daga Litinin. Ma'aikata duk ƙarshen mako suke rububi, shi ya sa sau da yawa kwana huɗun ya fi ukun araha. Ga shi wurin wankan yara ba cunkoso.

Kafin ku biya, ku tambaya ko da zanen gado a cikin kuɗin. Wasu daban suke caji. Bargo kam ku ɗauko naku, bangon karaban ba kauri gare shi ba, iskar teku kuwa da asuba ba ta da mutunci. Naman halal ma ku taho da shi a kula daga gida.

Amma dabarar ba ta ci a dogon hutun makaranta, ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, lokacin kowace rana tsada ce. Kar kuma arahar ta sa ku cire yaro daga aji: tarar fam 80 ce kan kowane yaro, uwa daban, uba daban.