Babi na 7: Kiwon Macijin Masara a Gida

Darasi na 1: Wane irin maciji ne?

'Yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan babi ku kuka kawo shi. Iyaye uku a ajin nan sun zo mini da kuka iri ɗaya: yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya shigo da maciji cikin akwatin gilashi, mai shago ya haɗo shi da takarda cike da Turanci, gida ya hargitse. To tunda ya riga ya shigo, haƙƙinsa ya hau wuyanku. Dabbar da ka tsare, kai za a tambaya cinta da shanta.

Na san abin da ke ranku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu kuwa daga ƙasar kububuwa da gamsheƙa muka fito, inda sai da aka keɓe asibiti guda a Kaltungo saboda saran maciji. Wannan ba irinsu ba ne. Macijin masara ɗan nan Amurka ne, daga kudu maso gabas, wajejen Fulorida da Jojiya da Karolina. Ba shi da dafi. Ɓera yake kamawa, ya nannaɗe shi ya matse, sannan ya haɗiye. Manoma kan same shi a gindin rumbun masara yana farautar ɓeraye, wasu na cewa daga nan ya samo sunansa. In ya girma yakan kai ƙafa 4 zuwa 5, yana kuma rayuwa shekara 15 zuwa 20. Ku sake kallon lambar nan: 20. Yaron zai tafi jami'a ya bar muku shi.

Wannan karatu na macijin masara ne kaɗai. In kun je gida hutu kuka ga maciji a bayan ɗaki, ku ja da baya.

Darasi na 2: Akwatinsa

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, daga waje yake samun zafi. Don haka akwatin gefe biyu ne, gefen ɗumi da gefen sanyi. Ku ɗauko ma'aunin zafi ku duba kusa da lambar, akwai ɗan harafi. In F ne, gefen ɗumi ya nuna 82 zuwa 86, gefen sanyi 70 zuwa 75. In C ne, gefen ɗumi 28 zuwa 30, gefen sanyi 21 zuwa 24. Harafin za ku fara dubawa kafin lambar. Abin ɗumamawa kuma kada a soka shi a bango kai tsaye, sai ta cikin na'urar da ke kashe shi in zafi ya yi yawa, in ba haka ba zai ƙona masa ciki.

A sa masa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Murfi kuma a kulle shi da maƙalansa. Ɗora littafi a kai ba kullewa ba ne. Duk ramin da kansa ya shiga, jikinsa zai bi.

Darasi na 3: Ciyarwa

A nan za mu daɗe, don a nan ake faɗuwa.

Ranar da ya zo, kada a ba shi komai sai ruwa. Baƙo ne, a bar shi mako guda ya saba da wuri.

Abincinsa ɓera ne, ɓera kawai. Ba ya cin masara, sunan kada ya ruɗe ku. Ba a ba shi madara, ba a ba shi sauran naman miya. Ba kuma ɓeran da tarko ya kama a kicin ba, wannan ƙila ya ci guba. Ana sayar da nasa a shagon dabbobi, matacce, a daskare cikin leda. Jaririn maciji jaririn ɓera yake ci, wanda bai yi gashi ba, a shago finki suke ce masa. Ga yadda ake auna girma: ku dubi inda jikin macijin ya fi kauri, ɓeran ya yi daidai da nan, ko ya ɗara kaɗan. Ƙarami yana ci duk bayan kwana 5 zuwa 7, babba duk bayan kwana 10 zuwa 14. Hajiya, na san ba kya son ganinsa kusa da kajinki a firiza. Ki samo masa roba mai murfi ki rubuta ƁERA a jiki da manyan baƙaƙe, kin ga kin yi aikin rubutu ma.

Yanzu ga matakan. Ku sa yatsa kuna bi.

1. Da dare a ciro ɓera ɗaya daga firiza, a sa a leda a ɗaure, a ajiye a firij ya kwana.
2. Washegari a tsoma ledar cikin ruwan ɗumi, irin wanda ake wa jariri wanka da shi, kamar minti 20. In ruwan ya huce a sake.
3. A matsa cikin ɓeran da yatsa biyu ta bayan leda.
4. A kama shi da dogon hantsaki a miƙa wa macijin, a ɗan motsa shi.
5. In ya kama, a saki, a kulle murfi, a ba shi wuri.

Mu koma mataki na 3. Cikin ɓeran za a matsa. Ba kai ba, ba wutsiya ba, ciki. In ya yi laushi ko'ina kamar nunanniyar ayaba, kuma akwai ɗan ɗumi, ya yi. In kun ji wani abu mai tauri a tsakiya kamar ƙwallon dabino, ƙanƙara ce, bai narke ba. A mayar da shi ruwan ɗumi.

Me ya sa nake ta nanatawa? Bayan ɓera yakan yi ɗumi alhali cikinsa ƙanƙara ne. Hannu zai ce muku ya yi, maciji ya haɗiye, cikinsa ya kasa narkar da shi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya amayo. Wata 'yar ajin nan ta zo mini ido ya yi ja, wai macijin ɗanta zai mutu, ya harar da abinci, wari ya cika falo. Na ce, kin matsa cikin? Ta ce ta taɓa bayansa ta ji ɗumi. Ban ga laifinta ba, takardar shagon ba ta faɗa ba. Amma taɓawa daban, matsawa daban.

Ku faɗa tare da ni: a matsa ciki. In da tauri, a mayar ruwa. A sake matsawa. In da sauran tauri, a sake mayarwa. Ba kunya ba ne a mayar sau uku. Macijin da ke kwana 10 bai ci ba, jiran minti 20 ba zai kashe shi ba.

Kada kuma wani ya ce zai yi dabara da maikurowef. Alhaji, da kai nake, ka san abin da ya faru, ka san wanda ya wanke injin. Maikurowef yana dafa wani gefe ya bar wani da ƙanƙara, wani lokaci ɓeran ya fashe. Tafasasshen ruwa ma haka, ya dafa baya ya bar ciki. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, makon jiya kuma na sake jin wani ya yi. Wai shin da wa nake magana? Ku dattawa ne, kun yi renon 'ya'ya, ba wanda a cikinku ya taɓa ɗura wa jariri koko bai ɗanɗana ba. Haƙurin minti 20 ne ya gagara?

To, ya wuce. Kuna ƙoƙari, wanda bai iya karanta F da C ba wata biyu baya yau ga shi yana karantawa. In ɓeran ya narke maciji bai ci ba, a jefar, ba a mayar da shi firiza.

Aiki: Ku cike gurbi a littafinku.
Kafin in ba maciji ɓera, sai na ______ cikinsa.
In na ji tauri, sai in mayar da shi cikin ______.
Ku rubuta kowace jimla sau 5.

Darasi na 4: Bayan ya ci

Za ku ga kumburi a jikinsa, abincin ne. Kada a ɗauke shi sai bayan kwana 2 cur, ko da baƙi sun zo suna son gani. A rubuta ranar da ya ci a kalanda. In ya yi amai, a bar shi kwana 10 zuwa 14 ba abinci, sannan a ba shi ɓeran da bai kai na da ba. A matsa cikinsa. In ya sake amai, sai likitan dabbobi.

Darasi na 5: Saɓa

In idonsa ya yi hazo-hazo, launinsa ya dushe, zai yi saɓa ne, ba makanta ba. Yakan ƙi abinci. A ƙyale shi, a cika masa ruwa. Kada a ɓare masa fata da hannu.

Darasi na 6: Tsabta

A canza ruwa kullum, a kwashe kashi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko ɓeransa, saboda ƙwayar cutar salmonela. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya taɓa.

Aiki: Ku karanta Darasi na 3 a gida.