Giya da Maganin Likita: Kurakuran da Aka Fi Yi a Zangunan Kumasi

A unguwanni irin su Aboabo da Asawase, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, ba a cika kawo zancen giya a gaban likita ba, kuma daga nan babban kuskure yake farawa. Mutum zai je asibiti a tambaye shi ko yana sha, kunya ta sa ya musanta, sai a rubuta masa magani bisa abin da ya faɗa. Likita ba wa'azi yake nufin yi ba, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi tona asirin majinyaci. Abin da yake son sani shi ne yawan abin da ake sha da kuma sau nawa a mako, domin ya zaɓi maganin da hanta za ta iya ɗauka.

Kuskure na biyu ya fi wannan yaɗuwa, don yana kama har waɗanda ba su taɓa shiga mashaya ba. Jiƙon saiwoyi da sassaƙe da ake sha don basir, ciwon baya ko ƙarfin maza, sau da yawa a cikin akpeteshie ake jiƙa shi, wato barasar da ake tacewa daga bammi ko rake, wadda ƙarfinta yake kaiwa na wiski. Haka ma yawancin bitas na kwalba, wato jiƙon ɗaci da ake sayarwa, akwai barasa a cikinsu. Duk wanda yake kan magani ya duba jikin kwalbar ya ga ko an rubuta kashi nawa cikin 100 na barasa, idan kuwa jiƙon gida ne, ya tambayi mai haɗawa da abin da ya jiƙa.

Flagyl, wanda ake bayarwa don ciwon ciki da ciwon haƙori, ba ya jituwa da barasa: yana iya kawo amai, ciwon kai, zafin fuska da bugun zuciya. A kauce wa sha har a gama maganin, sannan a ƙara aƙalla awa 48. Farasitamol kuma, wanda ake rainawa saboda arharsa, bai kamata babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24 ba, kuma mai yawan sha yana iya lalata hantarsa ko da bai kai wannan adadin ba. Diclofenac da ibuprofen, magungunan rage ciwo, suna cin bangon ciki, barasa kuma tana ƙara haɗarin zubar jini. Masu shan maganin tarin fuka na wata 6 su ne suka fi cancantar gargaɗi a nan, domin magungunan da ake ba su, wato isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, dukkansu hanta suke wahalarwa.

Inda na fi jin tsoro shi ne masu ciwon suga. Barasa tana hana hanta sakin suga cikin jini, saboda haka wanda yake kan allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, ya sha bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ko da bayan awanni, yana barci. Alamun kuwa, wato gumi, rawar jiki, tangaɗi da maganar da ba ta fita, daidai suke da na maye, sai 'yan uwa su ce a bar shi ya kwanta ta sake shi. Idan yana iya haɗiya a ba shi ruwan suga nan take. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a garzaya da shi asibiti. Haka za a yi wa wanda ya haɗa giya da tramadol ko diazepam, domin haɗin yana rage numfashi har ya tsaya.

Akwai kuma masu dabarar tsallake maganin hawan jini ko na farfaɗiya ranar da suke son sha. Wannan ba ya kare kowa, cutar kawai yake ba wa dama ta dawo. Wanda kuma ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya don an rubuta masa magani, domin dainawa kwatsam na iya jawo karkarwa da jijjiga. Ya sanar da likita a tsara masa yadda zai rage.