Darasi Na Tara: Gyaran Haƙori Da Cike Giɓi

Babban mutum yana da haƙora 32 idan duka sun fito, 16 a sama, 16 a ƙasa. Yaro kuwa 20 ne gare shi, kuma yakan fara famfara yana wajen shekara 6. Haƙoran da suka fito bayan famfara su ne na ƙarshe, wanda ya faɗi a cikinsu ba ya sake tsirowa. Kafin mu shiga darasi, kowane ɗalibi ya bi haƙoransa da harshe ya ƙirga, ya rubuta adadin a littafinsa, domin za mu yi aiki da shi nan gaba.

Yadda kogo yake samuwa

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da muke gani, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har da ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, shi ne yake sa mutum ya ji tsami idan ruwan sanyi ya taɓa shi. Can ciki kuma akwai jijiya da hanyoyin jini, waɗanda suka gangara cikin saiwar da take kafe a ƙashin muƙamuƙi.

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa tsutsa ce take cin haƙori, har wasu masu magani a kasuwa sukan turara wa mutum hayaƙi a baki, su nuna masa wani abu a cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a cikin dattin da yake manne wa haƙora, suna cin sukarin da muka sha a shayi da lemon kwalba da alewa, suna fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake zaizaye ɓawon sannu a hankali har ya zama kogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki, saboda haka babu abin kunya ga wanda ya tsinci kansa a ciki. Abin lura shi ne kogo ba ya warkewa da kansa, kuma zurfin da ya kai a ranar da aka je asibiti shi yake yanke irin aikin da za a yi da kuɗin da za a kashe.

Ciko

Idan kogon bai kai ga jijiya ba, galibi zama ɗaya ake gama aikin. Likita zai yi allurar kashe zafi a dasashi idan da buƙata, ya goge ruɓaɓɓen wurin da ɗan injinsa, sannan ya cike ramin. Akwai ciko mai launin azurfa, wanda ake haɗawa da zaiba, yana da ƙarko a turame, ko da yake ƙasashe sun fara rage amfani da shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba. Akwai kuma fari mai launin haƙori, wanda ake ƙarfafa shi da hasken wata shuɗiyar fitila, shi aka fi sa wa a haƙoran gaba.

Wankin jijiya da sa hula

Idan ciwo ya fara tashin mutum daga barci, haƙori yana zugi kamar ana buga ganga a ciki, shayi mai zafi kuma yana ƙara tsananta shi, to ruɓa ta kai ga jijiya. A wannan hali ne mafi yawan mutane suke shiga wurin likita suna cewa, "Likita, a cire shi kawai in huta." Wanda bai yi barci kwana uku ba yana da uzuri idan ya faɗi haka, amma ina roƙon ɗalibai su riƙe wata tambaya guda, su yi ta kafin su amince a cire: "Shin ana iya ceto haƙorin nan?" Babu haƙorin da ake ƙerawa, komai tsadarsa, da ya kai wanda aka halicce ku da shi daɗin tauna da zama daidai a baki.

Hanyar ceto ita ce wankin jijiya. Likita zai fara ɗaukar hoton haƙorin don ya ga tsawon saiwa da yawan rassanta, ya yi allura, ya buɗe haƙorin ta sama, ya fitar da jijiyar da ta lalace da wasu siraran ƙarafa masu kama da allurar ɗinki, ya wanke ramin da magani, sannan ya toshe shi har ƙarshen saiwa. Wani lokaci aikin yakan ɗauki zama biyu ko uku, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Zafi yakan ɗauke tun daga zaman farko, sai mutum ya ɗauka ya warke, ya ƙi komawa. Cikon da aka sa masa a ranar na wucin gadi ne, bayan 'yan makonni sai ya fita, abinci ya shiga, haƙorin ya sake ruɓewa ko ya tsage, a yi asarar kuɗi da haƙori gaba ɗaya. Duk wanda aka rubuta wa ranar komawa, ya koma ko da ba ya jin komai.

Haƙorin da aka wanke wa jijiya, musamman turmi, yana da saurin karyewa, shi ya sa ake rufe shi da hula. Likita zai rage girmansa kaɗan, ya ɗauki awon baki da wani abu mai laushi kamar ƙullu, a ƙera hular da ƙarfe ko tangaran daidai da wannan awo, sannan a liƙa ta.

A nan ya dace a yi magana a kan haƙorin Makka, domin shi ma hula ne, sai dai sau da yawa a kan lafiyayyen haƙori ake ɗora shi bayan an goge wani ɓangare na ɓawonsa, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Idan hular ba ta zauna daram ba, abinci yakan maƙale a gefenta, haƙori ya yi ta ruɓewa a ɓoye alhali zinariya tana walƙiya a waje. Alhaji ko Hajiyar da suka ji wari daga wurin, ko suka ga dasashi yana jini, su kai a duba tun da wuri.

Idan cirewa ta zama dole

Haƙorin da ya tsage har saiwa, ko wanda ciwon dasashi ya cinye ƙashin da yake riƙe da shi har yana girgiɗi sosai, cirewa ce maganinsa. Kafin a fara, a gaya wa likita idan akwai ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko juna biyu, ko ana shan maganin tsinka jini. Bayan an cire, a ciji audugar da aka sa na kamar minti 30. A wannan rana kada a kurkure baki da ƙarfi, kada a yi ta tofar da yawu, kada a sha sigari, domin gudan jinin da ya taru a ramin shi ne murfin da ciwon zai warke a ƙarƙashinsa. Daga washegari sai a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Cike giɓi

Mutane sukan damu da giɓin gaba saboda ana gani, su yi watsi da na turame. Amma haƙora jingine suke da juna, idan ɗaya ya tafi sai maƙwabtansa su fara karkata zuwa ramin, na samansa ko na ƙasansa ya riƙa zazzagowa tun da ba shi da abokin karo, ƙashin wurin kuma ya riƙa raguwa. Tauna sai ta koma ɓangare ɗaya, dattijo ya bar nama da gyaɗa da rake, ya koma kunu da fura. Giɓin gaba kuwa yana taɓa lafazi, kuma mai karatun Alƙur'ani ya san haruffa nawa ne mafitarsu take tsakanin harshe da haƙoran gaba. Ga mai shakkar ko sa haƙori canza halitta ne, malamai sukan kawo hadisin Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce haƙoran roba da ake sawa ana cirewa, ko na giɓi ɗaya ko biyu, ko na baki gaba ɗaya. A makonnin farko yawu yakan yawaita, magana ta ɗan sauya, amma baki yana sabawa. A cire su da dare dasashi ya huta, a wanke su da buroshi a kan kwano mai ruwa don kada su faɗi su karye, a ajiye su a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa su. Idan suna ƙuje dasashi kada a kankare su da wuƙa, a mayar wa likita ya gyara. Ƙaramin haƙorin roba da ya yi sako-sako haɗari ne, ana iya haɗiye shi, musamman a cikin barci.

Hanya ta biyu ita ce gada. Ana rage haƙoran da suke gefen giɓin hagu da dama, a sa musu hula, haƙorin da aka ƙera kuma ya zauna a tsakiya manne da su. Ba a cire ta, tana da daɗin tauna, amma illarta ita ce an taɓa haƙora biyu saboda ɗaya, kuma wajibi ne a koyi share ƙarƙashinta kullum.

Ta uku ita ce dashen haƙori, kuma ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Ana kafa wani ɗan ƙarfe mai zare, wanda ake yi da titaniyam, a cikin ƙashin muƙamuƙi ya zama saiwa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a 1952, yana bincike a kan ƙashin zomo, cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya rayu da haƙoran nan kimanin shekara 40. Bayan an kafa ƙarfen akan jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora hula. Dashe ba ya taɓa haƙoran gefe, amma yana buƙatar isasshen ƙashi da tsabtar baki, yana yawan lalacewa a bakin mai shan sigari da mai ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba, kuma ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Wanda ba shi da halin dashe kada ya zauna da giɓi yana jiran ranar da zai samu kuɗi, da hanau gara mannau, ya sa na roba.

Haƙorin da ya fita a haɗari

Idan babur ya kayar da mutum, ko yaro ya faɗi a filin ƙwallo, haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum da saiwarsa, ana iya mayar da shi ya kama idan aka yi sauri. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a goge ta, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi a hankali da madara, a mayar da shi raminsa a ciji tsumma mai tsabta, idan kuwa hakan ya gagara a saka shi a cikin madara, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Haƙoran yara na kafin famfara ba a mayar da su, don kada a cutar da wanda yake tahowa a ƙasa.

Wurin da za a je

Duk waɗannan ayyuka na likita ne mai lasisi, kuma a Nijeriya Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ce take ba da shi. Manyan asibitocin jiha da yawa suna yin ciko da cirewa, aikin da ya fi ƙarfinsu kuma sukan tura shi asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano a Kano, da na Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Mai cire haƙori a gefen titi yana iya barin guntun saiwa a ciki, kayan aikin da ba a dafa ba kuma suna yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi, domin ƙonewa suke yi. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ba ya cike kogo. Idan fuska ta kumbura, kumburin yana gangarowa wuya ko yana hawa ido, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiya ko buɗe baki, a tafi asibiti a wannan sa'a ko da tsakar dare ne, domin irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.

Aikin aji

Ku ɗebe adadin da kuka rubuta a farkon darasi daga 32, ku rubuta abin da ya rage. Ku tuna cewa turame huɗu na can ƙurya sukan fito ne tsakanin shekara 17 da 25, wasu kuma ba sa fito musu sam. Sannan kowa ya rubuta jimla uku da zai gaya wa likita game da bakinsa: wane haƙori ne yake damunsa, tun yaushe, kuma wane magani yake sha. Daga nan ɗalibai su zauna bibbiyu, ɗaya ya zama likita, ɗaya mara lafiya, mara lafiyar ya karanta jimlolinsa a bayyane, ya kuma tambayi kuɗin aikin da yawan zaman da za a yi kafin a gama.