Babi na 7: Yadda Ake Gane Ginin Zamanin Farfaɗowa na Italiya

Darasi na 1: Filorens

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗora yatsa a kan layin farko. Ba sauri za mu yi ba.

Italiya ƙasa ce a Turai, a cikinta akwai birnin Filorens. Wajen shekarar 1420 maginan birnin suka koma nazarin kufan gine-ginen Rumawa, waɗanda suka haura shekara 1,000 a tsaye, suna auna su, suna kwaikwayon tsarinsu. Lokacin nan shi ake kira zamanin Farfaɗowa. Ku karanta lambar da ƙarfi, daga hagu: dubu ɗaya da ɗari huɗu da ashirin. Wannan shekara a ƙarni na 15 take, kada 14 ɗin da ke gabanta ya ruɗe ku.

Jagoransu shi ne Filifo Burunelleski. Ku yanka sunan: Bu-ru-nel-les-ki. Asalinsa maƙerin zinariya ne. An fara babbar majami'ar Filorens tun 1296, amma aka bar tsakiyarta a buɗe, domin faɗin wurin ya kai kimanin mita 45, ba wanda ya san yadda za a rufe shi. Burunelleski ya ɗora ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya jera tubali a karkace yadda kowane layi zai riƙe kansa ba tare da an tokare shi da katako daga ƙasa ba. An fara aikin ƙubbar a 1420, an gama a 1436. Ku cire 1420 daga 1436 a gefen littafi. Wanda ya sami 16, madalla.

Darasi na 2: Baka

Nan ne ake tuntuɓe, saboda haka nan za mu daɗe.

Baka shi ne lanƙwasar da ke saman ƙofa ko tsakanin ginshiƙi biyu. Maginan da ke cikinku sun san bakan gizo na soro, wanda ake ɗaurewa da azara. Wannan ɗan'uwansa ne, sai dai na dutse. Kafin zamanin Farfaɗowa, manyan majami'un Turai, irin Notir Dam ta birnin Faris, bakansu mai tsini ne a sama. Na zamanin Farfaɗowa rabin da'ira ne cif, ba tsini ko kaɗan.

Ku dubi hoto na 2. Gidan marayu ne na Filorens, wanda Burunelleski ya tsara a 1419, ƙungiyar 'yan kasuwar siliki ta ɗauki nauyin ginin. Ku bi kowane baka da yatsa, daga kan ginshiƙin hagu zuwa na dama. Yatsanku ya ci karo da tsini? Bai ci ba.

Yanzu mu fita tsakar gida. A kawo igiya, ƙusa da tsinke.

Ku ja layi miƙaƙƙe a ƙasa, tsawon mita 2. Ku auna tsawon layin da igiya, ku naɗe ta gida biyu don ku sami tsakiyar layin. Ku kafa ƙusa a tsakiya. A tsakiya na ce. Ku ɗaura igiya a ƙusar, ku ja ta zuwa ƙarshen layin, ku ɗaura tsinke a nan. Sai ku zagaya da tsinken daga wannan ƙarshe zuwa wancan, igiyar tana miƙe tam. Ku auna daga ƙusa zuwa saman bakan: mita 1 za ku samu.

Ga dokar, ku rubuta ta: tsayin baka rabin faɗinsa ne.

Idan naku bai fita ba, ba komai, hannu ne bai saba ba. Ku share da ƙafa, ku duba abu biyu. Ƙusar tana tsakiya? Igiyar ta saki? Yawanci ƙusar ce. Mutum zai duba da ido ya ce ai nan ne tsakiya, alhali ya kauce da tafin hannu guda. Ku naɗe igiya biyu, inda ta lanƙwashe nan ne tsakiya. Ku sake.

Faɗi mita 4, tsayi nawa? Mita 2. Faɗi mita 6 fa? Mita 3. Faɗi mita 3? Kada ku tsorata, mita 1 da rabi ne.

Ku sake zana wani. Ƙusa a tsakiya, igiya a miƙe.

Haba jama'a. Kowane zango sai na ga wanda ya ajiye igiya ya ja bakan da hannu, wai shi ya daɗe yana gini. Baba, da girmanka, abin da ka zana ya karkace, kowa yana gani. Mutanen da suka yi waɗannan gine-gine ba su fi ka basira ba, awo suka riƙe. Wanda ya ƙi naɗe igiya yau, gobe ma nan zan tsayar da shi, sauran su wuce.

Wani zai ce ai ƙubbar Filorens tana da ɗan tsini. Gaskiya ne, an tsayar da siffarta tun kafin Burunelleski ya karɓi aikin. Kada ku yi awo da ita, hoto na 2 za ku bi.

Kafin a tashi, kowa ya faɗi dokar sau uku: tsayin baka rabin faɗinsa ne.

Darasi na 3: Ginshiƙi

Ginshiƙan dogaye ne, zagayayyu, an gaje su daga Girkawa da Rumawa. Kan ginshiƙi ake dubawa. Idan ba ado, sunansa Dorik. Idan yana da naɗi biyu, hagu da dama, Ayonik ne. Idan an sassaƙa masa ganyaye, Korintiyan ne. Ku kwafi sunayen uku. A gidan marayun nan, tsayin ginshiƙi daidai yake da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi; ku gwada da tsinke a kan hoton. In kun ga baka a samansu, kun san abin yi: faɗi, sannan rabinsa.

Darasi na 4: Hagu da dama

Ku naɗe hoto na 4 biyu. Taga ta hau kan taga, ginshiƙi ya hau kan ginshiƙi. Gidan nan sunansa Bila Rotonda, yana kusa da garin Bicenza, Andireya Paladiyo ne ya tsara shi. Fuskokinsa huɗu iri ɗaya ne, da ƙubba a tsakiya. Paladiyo ya buga littafinsa na gini a 1570, maginan Ingila da Amurka suka yi ta koyi da shi.

Darasi na 5: Rum

An fara majami'ar Sen Bitrus ta birnin Rum a 1506 da tsarin wani magini mai suna Baramante. Mikelanjelo, gwanin sassaƙa da zane, shi ya tsara ƙubbarta. An keɓe ginin don ibada a 1626.

Aikin gida: ku cire 1506 daga 1626. Ku zo da igiyarku ranar Litinin.