Yadda za ka jefa ƙuri'ar adalci a zaɓen taurarin besbol na Amurka

Kowace shekara a watan Yuli, babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, takan dakata na 'yan kwanaki domin a yi wasan taurari, inda zaɓaɓɓun 'yan wasan American League ke karawa da takwarorinsu na National League, wato ɓangarori biyu na gasar. An fara wannan wasa ranar 6 ga Yuli, 1933, a filin Comiskey Park da ke Chicago, bisa shawarar Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, kuma tun a karon farko aka ba 'yan kallo dama su yi zaɓe. Tun 2015 aka daina amfani da katin takarda da ake hudawa a filin wasa, aka koma intanet gaba ɗaya, saboda haka duk mai waya da adireshin imel yana da ta cewa.

Kafin ka taɓa komai, ka san iyakar abin da ƙuri'arka take yankewa. 'Yan kallo suna zaɓen mutum tara ne kawai a kowane ɓangare, wato waɗanda za su fara wasan: mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, masu tsaron cikin fili huɗu, masu tsaron bayan fili uku, da wanda aikinsa bugu kaɗai. Masu jifa da 'yan benci ba sa hannun 'yan kallo, ƙuri'ar 'yan wasa da ofishin kwamishinan gasar ne ke cike su har kowane ɓangare ya kai mutum 32. Akwai kuma ƙa'idar cewa dole kowace ƙungiya cikin 30 ta sami wakili aƙalla ɗaya. Wannan ƙa'ida ta ɗauke maka nauyi, domin ko ba ka zaɓi ɗan ƙungiyarka ba, za a ga rigarta a fili ranar wasa.

A tsarin da ake bi a shekarun nan, zagaye biyu ake yi. A zagayen farko, cikin watan Yuni, kana iya zaɓe sau biyar a rana. Daga nan sai a ɗauki mutum biyu na sama a kowane gurbi su shiga zagaye na biyu, a shafe ƙuri'un baya, a sake lale. Ƙa'idojin sukan ɗan sauya, don haka ka karanta abin da ke shafin zaɓen na shekarar. A ganina zagayen farko ne ya fi buƙatar natsuwarka, saboda a nan ne ɗan wasan da ke ƙaramin gari yake faɗuwa tun kafin a yi maganarsa, alhali na New York ko Los Angeles yana wucewa da ƙarfin yawan magoya baya.

Mataki mafi wuya shi ne ka cire rigar ƙungiyarka kafin ka zauna zaɓe, kuma tarihi ya nuna abin da son kai ke jawowa. A 1957 jaridar Cincinnati Enquirer ta riƙa buga katin zaɓe wanda aka riga aka cike da sunayen 'yan wasan Reds, ƙungiyar garin Cincinnati, mai karatu ya yanke kawai ya aika. Da aka ƙirga, 'yan Reds bakwai ne suka lashe gurabe takwas da ake zaɓa a lokacin a National League, Stan Musial na St. Louis shi kaɗai ya tsira. Kwamishina Ford Frick ya cire Gus Bell da Wally Post, ya sa Willie Mays da Hank Aaron a gurbinsu, sannan aka ƙwace zaɓen daga hannun 'yan kallo baki ɗaya, ba a dawo musu da shi ba sai 1970. Laifin gari ɗaya ya shafi magoya bayan ƙasa duka har shekara 12. Irin wannan ya so ya maimaita kansa a 2015, lokacin da 'yan Kansas City Royals takwas suka kasance kan gaba a wani ƙirge, har da Omar Infante wanda bugunsa a lokacin yana cikin mafi rauni a gurbinsa. A ƙarshe José Altuve na Houston ya wuce shi, 'yan Royals huɗu ne suka ci zaɓen.

To yaya za ka auna? Ka ɗauki gurbi ɗaya, ka gama da shi kafin ka matsa zuwa na gaba, kuma ka kwatanta kowa da abokan gurbinsa kaɗai. Mai cafe ƙwallo yana tsugune a bayan mai bugu duk lokacin da ƙungiyarsa ke tsaro, ƙwallo na dukansa a gwiwa da yatsu, shi ke karanta wa mai jifa irin jifan da zai yi, don haka rashin adalci ne a nemi bugunsa ya kai na mai tsaron zango na farko, wato wurin farko da mai bugu ke gudu ya taka bayan ya bugi ƙwallo. Shafin zaɓen yakan nuna alƙaluma a gefen kowane suna, amma kada ka tsaya kan adadin bugun nasara kawai. Ka duba OPS, wanda ke haɗa yawan isa zango da ƙarfin bugu, ka kuma duba WAR, wanda ke ƙoƙarin auna amfanin ɗan wasa gaba ɗaya har da tsaro da gudu. Ka duba wasa nawa ya buga, domin wanda ya yi wata guda yana jinya bai ɗauki nauyin da wanda ya fito kullum ya ɗauka ba. Ka kuma tuna da filin da yake wasa: a Coors Field na Denver, wanda ke kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iska ba ta da nauyi, ƙwallo takan yi nisa fiye da sauran wurare.

Akwai wata matsala da ba laifin kowa ba ce. Kakar wasa tana da wasanni 162, amma ana kammala zaɓen ne a wajen rabin kakar, wato wanda ya haskaka a Agusta da Satumban bara ba ya samun ladansa a nan. Abin da nake yi, kuma nake ba da shawara, shi ne idan mutum biyu suka yi kunnen doki a alƙaluman bana, sai in koma rabin ƙarshe na kakar bara in raba gardamar da shi.

Sai batun manyan sunaye. A 1989 Mike Schmidt na Philadelphia ya yi ritaya a watan Mayu, amma duk da haka 'yan kallo suka zaɓe shi, shi kuwa bai buga wasan ba. Ƙaunar da ta jawo hakan abin girmamawa ce, kuma ban ga laifin mai son ya yi wa gwaninsa bankwana ba. Sai dai yanzu an buɗe wa wannan wata ƙofa dabam: a 2022 kwamishina Rob Manfred ya ƙara Albert Pujols da Miguel Cabrera cikin tawagogin saboda tarihinsu, ba tare da an hana wani gurbinsa ba. Tunda haka ne, ka bar ƙuri'arka ga wanda ya yi aikin bana. Wasu 'yan wasa suna da ƙarin kuɗi a kwantiraginsu idan aka zaɓe su, kuma yawan zuwa wasan taurari yana cikin abin da ake ambata idan ana muhawarar shigar da mutum zauren karramawa na Cooperstown, don haka gurbin da aka ba wanda bai cancanta ba, daga hannun wani aka ɗauke shi.

Game da maimaita zaɓe, sau biyar ɗin da aka ba ka haƙƙinka ne, ka yi amfani da shi kullum idan kana so. Abin da za ka guje wa shi ne buɗe adireshin imel barkatai ko amfani da manhajar da ke jefa ƙuri'a da kanta. A 2015 hukumar gasar ta soke ƙuri'u sama da miliyan 60 da ta yi zargin ba ta hanyar da ta dace aka jefa su ba. Kafin ka danna wurin aikawa, ka ƙirga 'yan ƙungiyarka nawa ne a jerin. Idan sun wuce biyu ko uku, ka koma kan kowannensu, ka rufe sunansa da yatsa, ka karanta alƙalumansa kusa da na wanda ka bari, sannan ka aika.