Mai sarƙa ko mai cilli: yadda ake zaɓen jirgin lilo kafin a shiga layi

Ɗan Nima ko Mamobi da saro kaya ya kai shi Dubai, ko ziyarar 'ya'ya ta kai shi Amurka, wata rana za a ja shi filin wasa a tsayar da shi ƙarƙashin dogon layin ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, a ce masa bismilla. Wannan shi ne jirgin lilo, wanda Turawa ke kira rola-kosta. Kuɗin shiga in ka juya shi zuwa sidi ba kaɗan ba ne, layi kuma yakan ci awa guda, don haka ya kamata mutum ya san abin da zai hau tun yana ƙasa. Tambayar farko ita ce: ta yaya jirgin yake samun gudunsa? Galibinsu ba su da inji a jikinsu. Ko dai a ja su zuwa ƙololuwa a sake, ko a cilla su daga ƙasa.

Mai sarƙa shi ne na gargajiya. Wata ƙatuwar sarƙa ce ke zagayawa a cikin kwarmi a tsakiyar layin, injin lantarki na juya ta. Ƙarƙashin jirgin akwai ƙugiya da ke kama sarƙar, sai a yi ta jan sa sama a hankali, kamar tirotiro cike da mutane tana hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da za ka ji a lokacin ba alamar lalacewa ba ce. Wani harshen ƙarfe ne ke faɗawa kan haƙora da aka jera gefen sarƙar, ta yadda ko sarƙar ta tsinke ko wuta ta ɗauke, jirgin zai cije a inda yake, ba zai koma baya ba. Wasu manyan sun maye gurbin sarƙar da igiyar ƙarfe mai saurin ja. Millennium Force da ke filin wasa na Cedar Point a jihar Ohayo ta Amurka, wanda aka buɗe a 2000 da tsayin mita 94, irin wannan ne.

A nan tsayi ne kaɗai jari. Gangarar mita 30 tana ba da gudun kusan kilomita 87 a awa, ta mita 60 kuma kusan 123. Ka lura, an ninka tsayin amma gudun bai ninku ba: sai an ninka tsayi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu. Shi ya sa Fury 325 na filin wasan Carowinds a Amurka, mai tsayin mita 99, yake tsayawa a kilomita 153 a awa. Haka kuma kowane tudu da ke gaba dole ya gaza na farko, domin iska da gogayyar tayoyi na ta cin ƙarfin jirgin har ya dawo tasha. Da ido ma za ka gane mai sarƙa: tudun farko ya fi kowanne, hawansa miƙaƙƙe ne, da matakala a gefensa.

Mai cilli ya warware wannan ƙulli ne. Formula Rossa da ke Ferrari World a Abu Dhabi, tun 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 4.9. Da sarƙa za a nemi wannan gudun, da sai an gina tudu da ya haura mita 220, alhali nasa tudun mita 52 ne kawai. Da irin wannan gudun, babbar hanyar Accra zuwa Tema mai kilomita 19 ba za ta ci minti biyar ba.

Sai dai cilli iri-iri ne, kuma jiki na jin bambancin. Na Formula Rossa na man haidirolik ne: famfuna na tura mai cikin tukwanen ƙarfe masu ɗauke da iskar naitirojin har ta matsu, sai a buɗe hanya lokaci guda, man ya juya wani ƙaton gangan naɗi, igiya ta fizgi wata ƙugiya da ke maƙale ƙarƙashin jirgin. Fizgar tana zuwa gaba ɗaya, kamar dutse a majaujawa. Na maganaɗisu ya fi laushi. An jera faifan lantarki a kan layin, an liƙa maganaɗisu a cikin jirgin, wutar na ja tana turawa ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Ba igiyar da za ta zaizaye, ana iya sa cilli biyu ko uku a tsakiyar tafiya, har da na baya-baya, kuma shi sababbin jirage suka fi amfani da shi. Top Thrill Dragster na Cedar Point, wanda ya fara da haidirolik a 2003, an mayar da shi na maganaɗisu a 2024. Akwai kuma na matsattsiyar iska, mafi zafin duka: Do-Dodonpa na Japan a da yana kai kilomita 180 a awa cikin daƙiƙa 1.56, kuma an dakatar da shi a 2021 bayan mahaya sun samu karaya, bai sake aiki ba.

To, wanne za ka zaɓa? Ka fara da tambayar kanka abin da ke tayar maka da hankali. In ka taɓa taka gadar igiya ta dajin Kakum gwiwoyinka suka yi sanyi, to tsayi ne matsalarka, kuma minti ɗaya ko fiye da za ka yi ana jan ka sama, mutane na ƙanƙancewa a ƙasa, shi zai fi wahalar da kai. Mai cilli maras tsayi ya fi maka, don kafin tsoro ya taru an riga an tafi. In kuwa wuyanka ko bayanka ba ya son fizga, ko kana cikin masu riƙe kujera idan jirgin sama ya fara gudu a filin Accra, ka nufi mai sarƙa.

Masoya sarƙa suna da hujja mai ƙarfi, kuma ga sabon shiga ita ce ta fi nauyi. Jiran da ake yi a hawan yana cikin abin da aka biya wa kuɗi: ka ga gari, ka daidaita numfashi, sannan gangarar ta ɗaga ka daga kujera, cikinka ya yi sama na 'yan daƙiƙu. Cillin da ba a gina masa kyakkyawan layi a gaba ba, daɗinsa daƙiƙa biyar ne, saura duk rage gudu ne. Kingda Ka, mai cilli na jihar Niyu Jasi a Amurka, mai tsayin mita 139, tafiyarsa ba ta kai minti ɗaya ba, kuma an rufe shi a 2024. Masoya cilli su kuma suna cewa mai sarƙa yana yin sanyi a ƙarshe, nasu kuwa ana iya ƙara masa wuta a tsakiya. Gaskiya ne, amma a na maganaɗisu.

Kujera ma na canza komai. A mai sarƙa, na gaba sukan ɗan rataye a bakin gangara suna jiran sauran jirgin ya haye, na baya kuwa ana fizgo su ne da gudu, don haka baya ya fi zafi, tsakiya ya fi sauƙi. A mai cilli gaba ce ke shan iska, shi ya sa a Formula Rossa ake raba wa mahaya tabarau na kariya daga yashi da ƙwari. Kafin cilli ka jingina ƙeyarka da matashin kujera, ka dubi gaba, kada ka juya yi wa na kusa magana. Yin hakan yana iya jawo ciwon wuya.

In jirgi ya tsaya a tsakiyar hawa, kada ka taɓa ƙarfen da ya danne cinyarka. An raba layin gida-gida, kuma kwamfuta ba ta barin jirgi biyu su shiga gida ɗaya, saboda haka ko na'urar lura ɗaya ce ta yi gardama sai a tsayar da komai. Ma'aikata za su sake tayar da shi ko su sauko da ku ta matakala. Mai cilli kuma wani lokaci yakan kasa haye tudunsa ya dawo da baya, musamman da sassafe tayoyi ba su yi ɗumi ba, ko iska na bugowa ta gaba. An yi tanadin hakan: da jirgin ya wuce, faifan birki na maganaɗisu suna tasowa a kan layin cillin, su tare shi a hankali. Masu cilli, musamman na haidirolik, sun fi yawan tsayawa don gyara, saboda haka in ka gan shi yana aiki da safe, ka fara da shi.

Hula, waya da carbi su shiga akwatin ajiya. Hajiya ta sa hijabi mai kama kai, ta cusa gefensa cikin riga, a bar gyale da allurai a ƙasa. Babbar riga ba ta wurin ba ce, takan hana ƙarfen kujera kullewa. Kada a hau da cikin da aka cika da wake da shinkafa ko tuwon zafi, a bari awa biyu ta wuce, kuma kada a hau da ƙishirwa: a ƙasan gangara jini na sauka zuwa ƙafafu, ido ya yi duhu-duhu, mai azumi a zafin Larabawa ya fi kowa jin wannan. Matse cinyoyi da ciki a daidai wurin yana rage shi. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko hawan jini, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su tsaya riƙon jaka. Yara kuma da sanda ake auna su, yawancin manyan jirage na neman santimita 120 zuwa 140, ba a roƙon alfarma a kai.

Wanda ya samu zuwa Ferrari World zai iya gwada biyun a yini ɗaya, domin Flying Aces yana nan kusa da Formula Rossa, igiya ke jan sa zuwa mita 63 a kan hawa mai tsananin miƙewa. A bar akalla rabin awa tsakaninsu, a sha ruwa, a zauna a inuwa.