Yadda za ka kiyaye ranar hutu a Tahoua, garin da kasuwarsa ke ci ran Lahadi

Ƴan'uwa wannan magana ta ranar hutu ta daɗe tana cin mu, balle mu nan Tahoua da babbar kasuwarmu ran Lahadi take ci, wato ranar da fasto ke jiranka a coci ita ce ranar da mutanen ƙauye ke shigowa gari da kuɗi a aljihu. Ga kuma wasu ƴan'uwa masu cewa ai Lahadin ma ba ita ce ranar ba, Asabar ce. Ni mai shago ne, na sha fama da abin nan shekaru, bari in faɗi yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi da shi.

Kafin ka shiga gardamar rana, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta dokar a wuri biyun da ta zo, don yawancinmu guda ɗaya muka sani. A Fitowa 20:8-11 dalilin da aka bayar shi ne Allah ya yi halitta kwana shida ya huta a na bakwai. Amma a Maimaitawar Shari'a 5:12-15 dalilin daban ne: ku tuna kun yi bauta a Masar, saboda haka ɗanka da ƴarka da baranka da baranyarka da sanka da jakinka duk su huta kamar yadda kai ka huta. Wannan na biyun shi ya kama ni. Don da can ni kan saka farar shadda in tafi sujada in bar yaron shago yana ta ciniki tun safe har la'asar, in dawo ina jin kaina mai tsarki. Ashe ba hutu na yi ba, aikina na ɗora a kan ɗan mutane.

To sai batun Asabar ko Lahadi. Sunayen da kansu sun faɗi wani abu, Asabar da kalmar Ibrananci ta ranar hutu tushensu ɗaya ne, Lahadi kuma daga Larabci ta zo, ma'anarta rana ta ɗaya. Saboda haka in ɗan Adbentis, wato ɗan cocin nan masu kiyaye Asabar, ya ce maka rana ta bakwai Asabar ce kar ka yi musu, gaskiya ya faɗa. Su suna hutu daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar, ikilisiyarsu an kafa ta a Amurka a 1863, hujjarsu kuwa ita ce dokar tana cikin dokoki goma, Yesu ma ya saba shiga majami'a ran Asabar (Luka 4:16), kuma babu ayar da ta ce ƙarara an mayar da ita Lahadi. Ba hujjar banza ba ce, ka saurare shi har ya gama.

In ya gama sai ka nuna masa naka. Yesu ya tashi daga matattu ranar farko ta mako. A Ayyukan Manzanni 20:7 ranar farko ta mako ce masu bi suka taru a garin Taruwasa don gutsura gurasa, daren nan da Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare wani saurayi ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga bene (masu dogon wa'azi ku ji da kyau). A 1 Korintiyawa 16:2 ranar ce aka ce kowa ya ware baikonsa. Kuma lokacin da manzanni suka zauna a Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 kan abin da za a ɗora wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da suka ba da gaskiya, ba su saka Asabar a ciki ba. Akwai maganar da za ka ji kullum, wai Konstantin sarkin Romawa ne ya canja ranar. Abin da ya yi a shekara ta 321 shi ne ya ba da doka a rufe kotuna da sana'o'in birni ran Lahadi, amma tun wajen shekara ta 150 Yustin mai shahada, wani malamin Kirista na zamanin da, ya rubuta cewa Kirista na taruwa ran Lahadi suna karatu da addu'a, ka ga sujadar ta girmi dokar sarki da shekaru sama da 150. Kiristocin Otodoks na Habasha ma har yau dukan ranakun biyu suke girmamawa, ba su ga abin faɗa a ciki ba.

Daga nan ka rufe bakinka. Romawa 14:5-6 ta ce wani na ɗaukaka wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne gare shi, kowa ya tabbata a zuciyarsa, Kolosiyawa 2:16 kuma ta ce kar kowa ya hukunta ku kan idi ko tsayawar wata ko Asabar. Mu da ba mu da yawa a ƙasar nan, in muka ɓata da juna kan kalanda wa ya ci riba?

Yanzu ga aikin kansa, don zaɓen rana shi ne mai sauƙi, tsayawar ita ce wuya. Hutun Lahadi ran Asabar ake shirya shi. Ka tuna manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16, rana ta shida suke tara ninki biyu don kar su fita nema a ta bakwai. Haka za ku yi a gida: a kai niƙa ran Asabar, a cika randuna da jarkoki ko a kira ɗan garuwa, a yi wanki da guga har da kayan lakkol na yara, a dafa miyar da za ta kwana. In ba haka ba maigida zai dawo daga coci ya miƙe a tabarma ƙarƙashin dalbejiya yana cewa yau ranar Ubangiji ce, uwargida kuwa tana bakin murhu da goyo tun asuba. Malam wannan hutunka ne kai kaɗai. Ka tashi ka kama mata, ko ku ci abin jiya, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya sha fura ran Lahadi. Ƴar aiki ma a sallame ta ta je ta ga iyayenta, in Musulma ce ku ba ta Juma'a, kuma kar a cire ko dala a kuɗinta.

Ƴan kasuwa irina, namu ya fi zafi. Wanda Allah ya hore masa, ya rufe ran Lahadi ɗungurungum, masu sayayya za su saba. Wanda kuwa abincin makonsa gaba ɗaya a kasuwar Lahadi yake, kamar mai tallar albasa ko mai tuya ko mai amalanke, ni ba zan ce masa ya bar ƴaƴansa da yunwa ba, Yesu da kansa ya ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba (Markus 2:27). Ka je sujadar safe tukuna kar ka yi wasa da ita, ka fita kasuwa bayan an tashi, sannan ka ware wata rana, a ce Litinin, ka kulle, kullewa ta gaske, ba wai ka zauna gida kana karɓar oda ta WhatsApp ba. Ka faɗa wa fasto ko wani dattijo abin da ka yanke don a samu mai tambayarka. Amma ka bincika zuciyarka da gaskiya, akwai bambanci tsakanin mai neman na tuwo da mai neman ƙarin jika goma a kan abin da yake da shi, ni dai na san a wane sahu nake lokacin da nake fakewa da talauci.

Masu aikin likita da masu gadi ba su da laifi, majinyaci a asibitin Galmi ba ya jiran Litinin. Yesu ya warkar da macen da ta yi shekara 18 a tanƙware ran Asabar, ya ce wa masu gunaguni ai ku ma kuna kwance sa da jaki ku kai su shan ruwa. Manomi ma in ruwan shuka ya sauka daren Asabar, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ko dokar Konstantin ɗin ta bar manoma su yi aiki don kar lokaci ya wuce su. Sai dai a rama hutun, kar a cinye shi.

Wani abin da ba ma son faɗa, cocin ma kan iya cinye ranar. Makarantar Lahadi, sujada awa uku, taron dattawa, zumuntar mata, koyon waƙa, taron matasa, mutum ya shiga gida da magariba a gajiye fiye da ranar aiki. Ka zaɓi abin da za ka iya, sauran ka ba da haƙuri, kuma shugabanni don Allah a mai da wasu tarurrukan tsakiyar mako. Ka bar lokacin barcin rana, lokacin zuwa gai da mara lafiya, lokacin zama da yara a dafa shayi a karanta Matiyu 11:28 inda Yesu ya kira masu wahala da masu nauyin kaya ya ce zai ba su hutawa. Waya kuma a saka ta caji a ɗaka a manta da ita ko na awa huɗu ne, mai binka bashi da wanda kake bi duk za su same ka gobe.

Ni yanzu ran Asabar da dare nake biyan yaron shago kuɗin makonsa, in karɓi makullin in jefa a aljihun rigar da ba zan saka ba sai Litinin. Makonnin farko hannuna har ƙaiƙayi yake in na ji motocin ƙauye na wucewa ta ƙofar gida.